Wanda Aka Cire wa Takalmi

Ban san an cuce ni ba sai ranar da iƙama ta fito, wato katin zama. Ejan ɗin da ya yi mini hanya daga gida ya rantse mini da girman Allah cewa aikin bincike zan yi a wani gidan adana kayan tarihi a Madina. Ni kuwa shekara tara ina koyar da tarihi a sakandare a Malumfashi, ga digiri na biyu yana shan ƙura a akwati, sai na ce to, lokaci ya yi. Da na duba katin, a gurbin sana'a an rubuta amil. Lebura ke nan. Na kira ejan, waya ta shiga sau ɗaya, daga ranar ba ta ƙara shiga ba.

Ni mutum ne mai gardama, wannan ko matata Hadiza za ta ba da shaida ba tare da an rantsar da ita ba. Amma a ƙasar mutane da wa za ka yi? Na haɗiye abina.

A unguwar Sih aka sauke ni, ɗaki ɗaya mu biyar, gado bisa gado, ga na'urar sanyi mai ƙara kamar injin markaɗe. Babu mai jin Hausa ko ɗaya. Sati uku ina juya shinkafa a faranti ba ta wucewa. Wani dattijo mutumin Bangladesh da ke kwana a gadon ƙasa ya lura, rannan sai ga shi da kwalbar dakakken barkono da gishiri, ya ajiye a gabana, ya koma gadonsa. Ba yajin gida ba ne, amma da shi na fara ƙoshi. 'Yata Asiya ta fara tafiya ina kallo ta waya, tana miƙo hannu tana neman kama fuskata. Wanda ya ce maka zaman Madina yana hana kewar gida bai zauna ba. Abin da yake yi kawai, yana sa ka ji kunyar yin ƙorafi. Kullum bayan la'asar in taka zuwa Harami, in zauna, in yi shiru, in dawo.

Aikin kuwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake. Kamfanin ya karɓi kwangilar zuba tsofaffin takardu da hotunan wani attajiri a kwamfuta, ni ne mai ɗora su a na'ura. Mudir ɗinmu, wato shugaban aikin, Ustaz Fu'ad, mutumin Sham, siriri, ba ya dariya sai da dalili. Ranar farko ya ce mini da Larabci, "Ya Mahmud, ka ɗora, ka danna, ka sauke. Tunani aikina ne." Sunana Mamuda, amma ban gyara masa ba. Na ce a raina, za ka sani.

A wata na bakwai aka shigo da wani akwatin katako. A ciki akwai gilasan hoto arba'in da biyu, irin na da, waɗanda baƙi ke fitowa fari, fari ya fito baƙi. Hotunan kufai ne na sansanonin da Rumawa suka gina a bakin iyakar daularsu, can arewa, daga wajen Hijr har cikin ƙasar Urdun, wato Jodan: hasumiyoyin baƙin dutse, ƙofofi, rijiyoyi, ganuwa rabi a tsaye rabi a kwance. Wasu wuraren yanzu sun rushe, wasu an kwashe duwatsun an yi gini, saboda haka gilasan nan su ne kaɗai shaida. Attajirin ya saye su a gwanjo a Turai tare da littafin ajiyar wani Bature mai yawon kufai. Nan da wata biyu za a baje su jama'a su gani, kuma a ƙasan kowane hoto za a rubuta sunan Baturen a matsayin wanda ya ɗauka.

Kusan kowane hoto akwai wani mutum baƙi a tsaye jikin gini. Takardar gwanjon ta ce bara ne, an tsayar da shi don a gane tsayin bango. Na ɗora gilashi na farko, na ƙara girman fuskar a kwamfuta don in ga ko ta fito. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Tsagen Gobirawa ne a kumatunsa, reras, daga gefen baki har kunne. Ga laya a damtse. Ɗan'uwana ne, a tsakiyar hamadar da ko tsuntsu babu.

Sai na sauko da ido ƙafarsa. Ba takalmi. Amma takalman suna nan a gefe, fade ne na fata, an haɗa su an jera, bakinsu yana kallon waje. Inuwarsa gajera ce a ƙarƙashinsa, wato rana tsaka ce, a kan dutse. Na ɗora na biyu, haka. Na goma, haka. Kullum ƙafa a ƙasa, takalmi a jere, ido a sunkuye, jiki ya ɗan kauce kamar mai neman hanyar wucewa.

Na samu Ustaz Fu'ad na ce, "Ustaz, ba Baturen nan ne ya ɗauki hotunan nan ba."

Bai ɗago ba. "Wa ya ɗauka?"

"Surukin mutumin nan."

Sai ya ɗago. Na yi masa bayani da ɗan Larabcin da nake da shi: a wajenmu uba ma akan cire masa takalmi a gaishe shi, sannan a mayar. Wanda ake tsayawa a gabansa ƙafa a ƙasa kullum, ana kau da kai, ba a haɗa ido, ba a kama sunansa, uban matarka ne. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Talaka ne yana tattalin takalminsa. Koma ka danna."

Ran Juma'a na kai ƙara gidan Dakta Nasiru a Jurf. Bakano ne mai haɗa magunguna a wani asibiti, a Harami muka haɗu ya ji ina waya da Hausa, tun daga nan duk Juma'a iyalinsa suke ajiye mini tuwo da miyar kuka. Na zata zai goyi bayana. Sai ya wanke hannu ya ce, "Malam Mamuda, kai ne fa malamin tarihi. Kakanninmu ba su cire wa Bature takalmi ba? Har faɗuwa sun yi suna cewa zaki. Mutumin nan mai gidansa yake girmamawa, shi ke nan."

Tuwon nan da ƙyar na ƙarasa shi. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Na koma ranar Lahadi na bi gilasan ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba. A na talatin da ɗaya na ga Baturen kansa a cikin hoto, da hularsa, yana dafe da ƙofa, mutumin namu a gefensa ba takalmi. To wa ke bayan akwatin ɗaukar hoton? Sannan can ƙasan tarin na ci karo da guda biyu da aka ware saboda muninsu. Sun karkace, rabin hasumiya ya yanke, haske ya ci gefe. A cikinsu Bagobirin nan yana sanye da takalmansa, hula a karkace, ya ƙura wa mai ɗauka ido yana dariya har haƙora. A ɗaya daga ciki, can nesa a inuwar dutse, ga wani dattijo ya juya baya yana salla, da baƙin ƙyalle a ajiye kusa da shi, irin wanda masu hoton da suke rufa a ka.

Wato ranar da tsohon ya tafi salla, Bature ya karɓi akwati ya gwada hannunsa. A gaban Bature kuwa mutumin namu ko a jikinsa.

Na jera wa Ustaz Fu'ad ukun a kan tebur. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Labari ne mai daɗi. Amma lajna, kwamitin baje kolin, ba ta rubuta suruki a ƙasan hoto, suna take rubutawa. Nan da sati biyar za a kai rubutun wajen bugawa. In ka kawo suna da hujja, zan shigar da kai. In ka kawo tatsuniya ka kunyata kamfani, ka san kwantiraginka saura wata nawa." Na ce na sani. Na buga fuskar mutumin a takarda na ninke na sa aljihu, yana kallona. Ya juya kujera ya ce bai ga komai ba.

Daga nan na shiga yawo. Duk inda aka ce akwai tsofaffin Takari, jikokin alhazan da suka zo a ƙasa suka zauna, na je. Na tsaya wajen masu tsire, wanda a nan ake kira siriya. Na bi majalisun bayan la'asar. Wasu suka ɗauka gado nake nema, wasu suka ɗauka ɗan leƙen asiri ne ni, wani ma ya karɓi takardar ya ce kakansa ne, da na tambaye shi mutanen ina ne ya ce Barno. Na ce Allah ya ba mu alheri, na karɓe takardata. Sati uku suka wuce ba komai sai ƙafa da ta kumbura. Hadiza ta ce mini a waya, "Kai dai ba ka canzawa. Mutumin da ya mutu tun ba a haifi babanka ba, shi za ka rasa aiki a kansa?" Na ce ba shi ba ne, sunan ne. Ta ce, "To Allah ya ba da sa'a," irin wadda ake faɗa wa wanda aka gaji da shi.

Wani tsoho mai sayar da asuwaki ne ya kalli tsagen ya ce, "Gobirawa kam sun koma Badar tun da daɗewa, aikin dabino. Ka nemi Hajja Maimuna, in tana da rai."

Na shiga motar haya ranar Asabar da sassafe. Direban ya sauke ni a wata mararraba ya nuna mini itatuwa can, ya ce ga gonar nan, minti biyar. Na yi awa ɗaya da rabi ina tafiya itatuwan ba su matso ba. Ruwana ya ƙare, harshe ya manne, na fara karanto abin da ya sawwaƙa. Wani Balarabe manomi ya tsaya da akori-kura, ya miƙo mini gorar ruwa da dabino cikin tafin hannu, ya ce in hau. Da na ambaci Hajja Maimuna sai ya yi murmushi ya ce ai ita ta karɓi haihuwarsa.

Ɗanta ne ya buɗe mini ƙofa, Abdurrahman, malamin makaranta da ya yi ritaya, furfura ta fara fito masa. Na yi masa sallama da Hausa, ya amsa da Larabci. Haka muka yi ta yi, yana jin duk abin da na faɗa amma bakinsa ba ya juyawa. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ɗan yi tsaki. Ya ce tun suna yara Ummi take ba su labarin kakanta mai akwatin hoto da ya yi yawo da Nasara, su kuwa suna dariya, don a makaranta in ka ce kakanka Takruni, baƙin Afirka, ya san hoto, ka ba da kanka. Ya ce, "Kada ka tayar mata da hankali a banza."

Tana zaune a kan katifa a ƙasa, ƙarama, ta haura tamanin, idanu sun fara hazo. Na cire takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Wanga ɗan gida na. Daga ina?" Na ce Malumfashi. Hausarta irin ta Gobir ce tsantsa, wadda ko a can gida sai a bakin tsofaffi. Na miƙa mata takardar. Ta kai ta kusa da ido har tana taɓa hanci, ta bi tsagen da ɗan yatsa.

"Ubana na," in ji ta. "Ina kas samo shi?"

Na ba ta labari. Na ce, "Inna, a hotunan nan kusan duka ba shi da takalmi."

"To da mi za ya tsaya gaban Baba Tsoho? Ɗiyatai yaka aure." Ta yi 'yar dariya. "Har Baba Tsoho yab bar duniya ubana bai taɓa cin abinci gabanai ba, bai taɓa kama sunanai ba. Ko bayan ya rasu, in an tambaye shi sai ya ce mai gidanmu."

Ta ce kakan nata a hanyar Hajji ya koyi hoto, a Sudan, wajen wani Bagirke da ya yi wa aiki shekara da shekaru yana tara guzuri. Da akwatinsa ya ƙetaro teku. Bature ya ɗauke shi a matsayin kuku da ɗan jagora, shi kuma ya tafi da mijin 'yarsa ya riƙa kula da raƙuma. Da suka dawo Madina malamai suka yi ta yi masa magana a kan hoto, sai ya sayar da akwatin ya kama aikin dabino, bai ƙara tayar da zancen ba. Mahaifinta da ya san komai kuwa, kunya ta hana shi faɗin sunan.

Na ce, "Inna, sunan nake nema."

Ta ajiye takardar a kan cinyarta. Sannan ta ce, "Tanko. Tanko ɗan Bawa."

Ta sa Abdurrahman ya jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. A cikin tsumma bisa tsumma akwai gilashi guda ɗaya, na ranar sunanta, hoto na ƙarshe da tsohon ya ɗauka. Na ɗaga shi a hasken taga. Mace zaune da jaririya, namiji a tsaye gefe, kai a sunkuye, takalmansa a jere. Amma ba wannan ne ya ja idona ba. Duk gilasan da na yi kwanaki ina ɗorawa suna da wani ɗan gurbi a kusurwar ƙasa ta hagu, kamar giɓin haƙori, inda katakon da ke riƙe gilashin a cikin akwati ya tsage. Na gan shi sau arba'in da biyu har na daina ganinsa. Ga shi nan a wannan ma, daidai wurin, daidai girman.

Hajja ta ce gilashin ba zai bar gidan ba sai da ita. Haka aka yi. Ranar Litinin Abdurrahman ya tuƙo ta har Madina, adakar a kan cinyarta, muka sauko da ita ɗakin ƙarƙashin ƙasa a keken guragu. Ustaz Fu'ad ya ɗora gilashin da hannunsa, ya haɗa kusurwoyin a kwamfuta. Suka zauna a kan juna ɗas. Ya ce, "Za su ce akwatin na Bature ne, ya bar masa kyauta." Na buɗe baki zan fara, ya ɗaga mini hannu. Ya jawo littafin Baturen, wanda da Jamusanci yake, ashe tun ranar da na jera masa hotuna ukun nan yake bin sa shafi shafi da ƙamus. Ya nuna mini wurin da Baturen ya rubuta cewa nasa akwatin ya faɗo daga raƙumi a satin farko ya farfashe, kuma sa'arsa ɗaya kukunsa yana da wani tsoho. Ko a nan bai rubuta sunan kukun ba.

A gaban lajna Ustaz Fu'ad ya ce, "Wannan Ustaz Mahmud ne, shi ya gano." Ban taɓa jin ya kira ni Ustaz ba sai ranar. Na yi musu bayanin kunyar suruki tun daga tushe, kamar ina gaban 'yan aji uku, har da cire takalmina na jera a kan kafet don su ga yadda ake yi. Wani farfesa ya yi gardama, na ji daɗi ƙwarai, don na daɗe ban samu abokin yi ba. Aka tashi a kan cewa hotuna arba'in na Tanko ɗan Bawa ne. Guda biyun nan karkatattu aka bar wa Bature, tunda nasa ne, ba a zalunce shi ba.

Ranar buɗewa na sa babbar rigar da na zo da ita daga gida ban taɓa samun dalilin sawa ba. Dakta Nasiru ya zo da iyalinsa, yana gaya wa kowa cewa shi ne ya sa ni na koma na duba, na ƙyale shi don ba ƙarya ya yi ba. Katin aikina yana rataye a wuyana, har yanzu amil ne a jiki, ban kuma ɓoye shi ba. Ban taɓa jin girman kaina kamar ranar ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Aka turo Hajja gaban babban hoto, hasumiyar baƙin dutse da mahaifinta a gindinta. Akwai ɗan allo a ƙasa da rubutu. Ta leƙa, idon bai kai ba. Ta ce, "Abdu, karanta mini."

Abdurrahman ya matsa gaban allon. Ya tsaya. Sai na ga ya zare ƙafa daga takalminsa, ɗaya, sannan ɗayar, ya sunkuya ya haɗa su ya jera a gefe. Mai gadi ya taho zai yi magana, Ustaz Fu'ad ya riƙe masa hannu. Abdurrahman ya tsaya a kan marmara mai sanyi, ya buɗe baki, kuma da Hausa abin ya fito, a karye, kamar ta yaro mai koyon magana.

"Ummi, an rubuta, wanda ya ɗauka, Tanko ɗan Bawa, Bagobiri."

Hajja ta gyaɗa kai. Ta ɗaga ido wajen mutumin da ke cikin hoton, ƙafa a kan dutse, kai a sunkuye.

"Wannan jikanka na," ta ce wa hoton, sannan ta juyo ga Abdurrahman. "Ƙara faɗi sau guda. Ubana bai taɓa samun faɗin sunan ba, ka faɗa a madadinai."

Ya sake faɗa.